Tambaya da Amsa: Kwana uku a aji, kwana biyu ta waya, yaya zan yi da ɗalibaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Tudun Wadan Zariya, ina koyar da ilimin halittu. Saboda tsadar kuɗin mota, musamman ga yaran da ke zuwa daga wajajen Shika da Giwa, hukumar makarantarmu ta tsara cewa 'yan ajin ƙarshe za su riƙa zuwa kwana uku a mako, sauran kwana biyun kuma mu koyar da su ta waya. Na gwada Zoom sau huɗu, amma cikin ɗalibai 42, mutum 11 kaɗai suka taɓa shiga, su ma sabis yana ta yankewa, ga shi da kuɗina nake sayen data. Wasu abokan aikina sun ce mu koma Google Classroom. Wace manhaja ce ta fi dacewa, kuma ta yaya zan tabbatar yaran nan suna fahimta?

Daga wata malama, Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ƙoƙari. Kafin mu zo kan manhaja, ina so ki tsaya a kan yara 31 ɗin da ba su shiga ba, domin a wurinsu amsar take. Zoom yana buƙatar abubuwa huɗu su haɗu a lokaci ɗaya: waya babba a hannun yaro, caji a cikinta, sabis mai ƙarfi, da data isasshiya. A yawancin gidajenmu wayar ta uba ce, kuma da ƙarfe goma na safe tana aljihunsa a kasuwar Sabon Gari ko a gona. Idan ta uwa ce, wataƙila an kai ta wurin mai caji tun da aka kwana babu wuta. Yarinyar da ta zauna gida kuwa, da wuya a bar ta ta riƙe waya awa guda alhali ga wanke-wanke ga talla ga reno. Bugu da ƙari, Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kuma awa guda ta bidiyo tana cin ɗaruruwan megabait. Saboda haka ba gazawarki ba ce, kuma ba lallai lalacin yaran ba ne.

Shawarata ita ce ki daina neman tara su a lokaci guda, ki koma ga darasin da zai jira yaro har ya samu waya. Abin da ya fi yin wannan aiki a halin da muke ciki shi ne saƙon murya na WhatsApp haɗe da hoton takarda. Saƙon murya na minti goma bai wuce 'yan megabait ba, yana sauka ko da sabis ya yi rauni, kuma yaro zai iya sauraronsa bayan sallar isha'i idan mahaifinsa ya dawo, ya maimaita sau uku idan bai gane ba, abin da ba zai yi ƙarfin halin roƙa a cikin aji ba. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutanen Zazzau sun daɗe suna ɗaukar karatun malamai a kaset suna bita a gida da shago, kuma da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, rediyo da talabijin aka koma wa a Jihar Kaduna domin isar da darussa, saboda an san inda kunne ke kaiwa intanet ba ya kaiwa.

Sai dai saƙon murya yana da nasa ladubban. Kada ya wuce minti biyar zuwa bakwai, kuma kowane ɗaya ya tsaya a kan batu guda. Ki fara da faɗin ranar da sunan darasin, ki zana abin da kike bayani a farar takarda da baƙin biro mai kauri, ki sa wa sassan lamba, ki ɗauki hoton a cikin haske, sannan cikin maganarki ki riƙa cewa su dubi lamba kaza. Ki yi bayanin da Hausa inda ya yi tsauri, amma ki maimaita kalmomin fannin da Turanci a hankali, tunda da su za a yi musu jarrabawa. Zauren WhatsApp ɗin kuma ki kulle shi yadda ke kaɗai za ki iya aika saƙo, ki buɗe shi awa guda da dare domin tambayoyi. In ba haka ba darasinki zai nutse a cikin gaisuwar Juma'a da hotunan biki. Akwai wani abu da nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai: lambobin iyaye za a sa a zauren, da saninsu, kuma makaranta ta kafa doka cewa babu malamin da zai riƙa hira da ɗaliba ita kaɗai a waya. Amanar 'ya'yan mutane ce, kuma magana ɗaya mara daɗi ta isa ta rushe shirin gaba ɗaya.

Waɗanda gidansu babu babbar waya fa? A ranakun da suke zuwa aji, a tura musu darussan mako ta Bluetooth ko a katin memori, wanda ƙaramar waya ma tana karantawa ba tare da data ba, a haɗa musu da kwafin takarda shafi ɗaya. Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda muka raina wannan takardar, daga baya muka gano ita ce kaɗai abin da ya isa hannun kowane yaro. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da littattafan darasi da haɗuwar ƙarshen mako ta horar da ɗimbin malaman firamare tun kafin wayar hannu ta zo.

Game da rabon darussa, kada ki ɓata kwana ukun aji wajen karanta musu abin da za su iya saurare a gida. Ki ajiye su domin abin da sai da ido da hannu: gwaji, zane a allo, gyaran kuskure. A kwanakin gida ki ba su aikin da intanet ba zai yi musu ba. Su jiƙa ƙwayar wake da ta masara, su zana abin da suka gani kowace safiya har kwana biyar, su tsinko ganyen kowanne su kwatanta jijiyoyinsa. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya riga ya rabe tsirran da ƙwayar irinsu ke da ɓari ɗaya da masu ɓari biyu kafin ki buɗe baki.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi, kuma amsarta ba ta cikin waya. Alamar shuɗi a WhatsApp tana nuna an buɗe saƙo ne kawai, amsar da aka turo miki a rubuce kuwa tana iya zama ta yayansa ko ta ChatGPT. Saboda haka duk ranar da suka dawo aji, ki fara da tambayoyi biyar na minti goma a kan abin da kika tura, littafi a rufe, sannan ki zaɓi mutum biyu ko uku su yi bayani da baki. Cikin mako biyu za ki san wanda ke saurare, da wanda ba ya samun waya, da wanda ya saurara bai gane ba, kuma kowannensu maganinsa daban. Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa ma, duk da cewa karatunta daga nesa ne, a cibiyoyinta ɗalibai ke zuwa su zauna jarrabawa.

Google Classroom yana da kyau wajen tsara aiki da maki, amma yana buƙatar adireshin imel da babbar waya, don haka waɗancan 11 ɗin zai sake kawo miki. Idan kina neman kayan ƙari, ki duba dandalin darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Darussansa kyauta ne, sai dai kuɗin data.

Batun data kuwa, ki kai shi gaban shugaban makaranta a rubuce, ke da abokan aikinki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Makarantar da ta rage wa iyaye nauyi bai kamata ta ɗora shi a kan albashin malami ba. Data a wannan tsari kayan aiki ce kamar alli. Ku nemi a ware muku kuɗinta kowane wata, a kuma ba ku awa biyu a cikin jadawalin mako da ɗaki mara hayaniya inda za ku naɗi darussan.