Anti, a ina zan samo sababbin marubuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Ni dai mayyar sauraron labari ce a waya, ina aikina iyafis na kunne, to amma wallahi kullum sunayen da na riga na sani su manhaja take ta turo min har na gaji. Dan Allah ta yaya zan gano sababbin marubuta masu cin gashin kansu a fodkas, wato shirye-shiryen murya da ake saurara ta intanet, da kuma labaran zane na intanet? Daga ƙanwarki mai bibiyar filin nan.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, tambayar nan ta min daɗi sosai. Kin ga ita manhaja abin da jama'a suka fi dannawa shi take ɗorawa a gaba, wanda ya yi suna ya ƙara suna, shi kuwa sabon marubuci yana can ƙasa ba mai ganinsa, to sai ke da kanki kin sauka kin nemo shi.

Bari in fara da zane. Webtoon, wato dandalin karanta labaran zane a intanet, na kamfanin Naver ne na Koriya ta Kudu, tun 2004 yake, a 2014 aka buɗe na Turanci. Ciki akwai Originals, su ne waɗanda kamfanin ya ɗauka yake biya, akwai kuma Canvas inda kowa zai iya ɗora nasa. Canvas ɗin nan za ki shiga, ki daina bin jerin waɗanda suka fi farin jini, ki duba waɗanda aka ɗora kwanan nan. Dandalin Tapas ma haka yake. Kuma dan Allah kar munin zane ya kore ki a shafin farko, One-Punch Man da duniya ta sani a 2009 ya fara, mai shi da ake kira ONE yana zana shi da kansa ba wani kyau, labarin ne ya riƙe mutane har Yusuke Murata ya sake zana shi a 2012. Ni kashi uku nake ba kowane labari, in na kai na uku ban damu da abin da zai samu jarumar ba shikenan na wuce.

Fodkas kuma ba sabon abu ba ne, tun 2005 Scott Sigler a Amurka ya riƙa karanta littafinsa EarthCore kashi-kashi kyauta, sai da masu sauraro suka taru sannan manyan kamfanonin ɗab'i suka waiwaye shi. A Spotify ko Apple Podcasts ki shiga rukunin ƙagaggun labarai, sannan ki riƙa sauraron kashi har ƙarshensa, a nan ne ƙananan marubuta suke tallata junansu, ni dai ta nan na samo yawancin waɗanda nake bi yanzu. Kafin ki zurma ki duba ranar da aka ɗora kashin ƙarshe, na taɓa bin wani labari kashi ashirin da wani abu, dare ɗaya ina kwance ina jira a buɗe wasiƙar da uwar ta ɓoye sai kawai shiru, ashe mai shi ya shekara biyu bai dawo ba, abin ya min ciwo ba kaɗan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar littafin wani su karanta a YouTube ba izini ba ko sunan mai shi. Mutum ya hana idonsa barci wata da watanni, wani ya zo da murya kawai ya kwashe masu sauraro da kuɗin talla. In kin ji labari ya miki, ki fara neman waye ya rubuta, in ba a faɗa ba ki tambaya. In kin samu sunan ki bi shi a shafinsa na kansa saboda marubuta suna sauya manhaja, ki turawa ƙawa ɗaya da kika san irin labarin take so, in kuma yana da Patreon, wato shafin da mabiya suke ba mutum tallafin kuɗi, kina da hali ki ɗan taimaka masa. Ki rubuto min wanda kika fara samowa, nima ina so in ji.