Sadaukar da Kai da Haƙƙin Iyali

Tambaya: Kusan kowace Lahadi ana yi mana wa'azi a coci cewa mu sadaukar da kanmu domin wasu kamar yadda Almasihu ya yi, alhali ni gwauruwa ce mai ƙananan 'ya'ya, abin hannuna kuma bai taka kara ya karya ba. Idan na bayar, wa zai kula da su?

Amsa: 'Yar'uwa, gaskiya ne Yesu ya koyar a Yohanna 15:13 cewa babu ƙaunar da ta fi ta mutumin da ya ba da ransa domin abokansa, amma Manzo Bulus, lokacin da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya shaida wa Korintiyawa cewa ba a neman a sauƙaƙa wa wasu ta hanyar jefa mai bayarwa cikin ƙunci. Ciyar da 'ya'yanki ma sadaukarwa ce, kuma a ganina ita ce ta farko a kanki.

Kulawar Allah kuwa sau da yawa ta hannun 'yan'uwa take zuwa. A ikilisiyar farko, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanus, aka danƙa musu aikin. Saboda haka kada kunya ta hana ki sanar da dattawan ikilisiyarku halin da kike ciki. Idan tasar baiko ta wuce gabanki ba ki sa kome ba, ki zauna da marar lafiya bayan sujada, ko ki riƙe wa maƙwabciyarki jariri ta samu ta karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da ake rabawa domin tunawa da mutuwar Almasihu, a natse.