Yaron da ya fara cewa "me ya sa?" bai lalace ba

Hajiya, na ga tambayarki: ɗanki mai shekara 15 ya fara yi miki musu, kowane umarni sai ya ce "me ya sa?", ga shi ya tare a majalisa, kina tsoron tarbiyya ta zube. Na daɗe ina koyarwa a sakandare a nan Zariya, kuma nawa 'ya'yan sun bi ta wannan hanyar.

Ƙaramin yaro yana barin laifi ne don tsoron bulala. Da tashen balaga ya zo, sai tsoron ya ragu, abin da ke damunsa ya koma me abokai za su ce. Wani masani ɗan Amurka, Lawrence Kohlberg, ya bayyana waɗannan matakan tun 1958, bayan ya yi hira da yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16. Matakin gaba shi ne mutum ya bar ƙarya ko babu mai ganinsa, kuma tambayar nan da ke ɓata miki rai tana cikin hanyar kaiwa can. Ki ba shi dalili, ko da a gajarce.

Amma ki sani yanzu idonsa yana kanku. Wata rana mai bina bashi ya yi sallama, na ce wa babban ɗana ya ce ba na nan. Ya je ya faɗa. Bayan 'yan kwanaki na kama shi da ƙarya a kan zuwa Islamiyya, ina cikin faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ranar nan ai kai ka sa ni." Wallahi har yau ina jin zafin maganar. Na ba shi haƙuri, na kuma nemi mutumin na biya shi a gabansa.

Daga nan na rage duka, na ƙara ba shi amana. Nakan danƙa masa kuɗin cefane ya je kasuwar Sabon Gari shi kaɗai, ya dawo mu yi lissafi. Ya taɓa cin canji, na nuna masa na gane, ban ƙwace aiken ba.

Majalisar kuma kada ki hana da ƙarfi, zai koma inda ba ki sani ba. Ki sa ya kawo abokan gida su ci tuwo a zaure, mahaifinsa ko kawunsa ya zauna da su. In kin ga alamar shaye-shaye ko kwanan waje, wannan wani batu ne daban, a nemi malaminsa da likita da wuri.