Aikin mai nazarin tsarin kwamfuta bai mutu ba, kamanninsa ne suka canza

Ɗan'uwa, ka tambaya ko har yanzu aikin mai nazarin tsarin kwamfuta yana da kasuwa, ko kuwa ƙirƙirarriyar basira ta haɗiye shi. Aikin yana nan, sai dai ba yadda muka same shi ba.

Da can mataki-mataki muke bi. Mu zauna da ma'aikata, mu rubuta buƙatunsu a kundi mai kauri, shugabanni su sa hannu, a miƙa wa masu rubuta manhaja. Kafin su gama, doka ta canza ko an kawo sabon manaja, kundin ya tashi aiki. Tun da mutum 17 suka fitar da sanarwar Ajayil, wato sabon salon gina manhaja, a jihar Yuta ta Amurka a 2001, sannu a hankali aka koma yin aiki kashi-kashi, galibi mako bibbiyu. Yanzu ba ka miƙa takarda ka kama gabanka, da kai za a yi har manhajar ta fara aiki.

Kuma ma'aikatu da yawa sun daina gina manhaja daga tushe, hayar shiryayyun manhajoji irin su SAP da Salesforce suke yi. Sai aikinka ya koma sada manhajojin da juna: ta yaya bayanan sito za su isa sashen kuɗi ba tare da wani ya sake shigar da su da hannu ba? Don haka ka iya SQL, harshen zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta, sosai, ka fahimci yadda API, hanyar da manhajoji ke musayar bayanai, ke aiki, ka san dokokin kare bayanai irin GDPR ta Turai da ta fara aiki a 2018.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Manaja zai rantse maka cewa duk takardar biyan kuɗi sai ta bi ta teburinsa. Zauna gefen akawu wuni guda, za ka tarar da wani fayil na Excel da ba wanda ya ambata, alhali a kansa rabin aikin yake tafiya. In ba ka gano shi ba, sabon tsarin ba zai kai labari ba. ChatGPT kan taya ni tsara rubutun buƙatu cikin minti kaɗan, ina kuma jin daɗinsa, amma abin da aka faɗa masa kawai ya sani. Akawun nan kuwa ba zai nuna fayil ɗin ba sai ya yarda ba aikinsa ka zo raba shi da shi ba.

Wajen neman aiki kada sunan muƙami ya ruɗe ka. Wasu kamfanonin mai nazarin kasuwanci suke kiransa. Karanta jerin ayyukan da suka lissafa a tallar tukuna.