Filin Tambaya da Amsa: Mugayen Fina-finan Almara, Ciwo Ne Ko Hali?

Tambaya, daga wani ɗalibi a Yelwa, Bauchi: Mun gama kallon shirin nan mai dogon zango, Game of Thrones, da abokaina, gardama ta kaure. Wasu sun ce Joffrey da Ramsay Bolton mahaukata ne, ni na ce mugunta ce kawai. Waye da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fi su kusa da gaskiya. Abin da Bahaushe ke kira taɓin hankali shi ne mutum ya rabu da zahiri: yana jin muryoyin da babu su, ko ya kafe a kan abin da bai faru ba. Ramsay ba ya cikin wannan. Ya san wanda yake azabtarwa, ya san dalili, ya kuma iya sassauta murya in yana gaban mahaifinsa. Dubi yadda ya yi wa fursunansa Theon: ya fara zuwa masa a matsayin mai ceto, ya kuɓutar da shi, ya zaga da shi daji, sannan ya mayar da shi ɗakin azabar da ya baro. Wannan aikin mai lissafi ne.

Inda likita zai duba shi ne larurar ɗabi'a, wato halin da ya kafu a jikin mutum har yana cutar da shi ko jama'a. Kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya lissafa iri 10 a rukuni 3. Wadda ta fi kama da Ramsay ita ce larurar take haƙƙin jama'a, mai alamomi 7: yawan karya doka, yaudara, aikata abu ba tunani, saurin kai hannu, rashin damuwa da lafiyar kansa ko ta wasu, rashin riƙe nauyi, da rashin nadama. Uku ake nema. Amma akwai sharuɗɗa biyu da masu gardama kan manta. Dole mutum ya kai shekara 18, kuma a sami shaidar cewa tun kafin ya kai 15 yana da irin halin: sata, cin zalin yara, azabtar da dabbobi, cinna wuta.

A nan Joffrey ya zame muku. A littattafan da aka ɗauko shirin daga cikinsu, shekararsa 12 a farkon labari, don haka ba za a rubuta masa wancan suna ba komai ɓarnarsa. Abin da ya fi fitowa a jikinsa ma ji da kai ne. Ita larurar ji da kai alamominta 9, ana neman 5, daga ciki akwai ganin kai ya fi kowa, ƙishirwar yabo, ganin komai haƙƙinsa ne, da rashin tausayi. Marubutan sun kama wani abu daidai: irin wannan girman kai fanko ne. Yarinya ta ƙwace masa takobi a bakin kogi ya koma roƙo, ranar yaƙin Blackwater kuma ya bar mayaƙansa ya shige gida. Duk wanda ya ga tsoronsa, shi yake hukuntawa daga baya.

Jin daɗin azabtarwa kuwa, wanda su biyun suka haɗu a kai, ba shi da gurbin kansa a cikin goman nan. An saka shi a rataye na kundin 1987 don a ƙara nazari, aka cire a na 1994.

Tambaya, daga wani mai tura fina-finai a waya, Pantami, Gombe: Duk bos ɗin da aka ce saikofat ne sai ka gan shi da basira, yana shirya makirci na shekaru kamar Littlefinger. Haka suke a gaske?

Amsa: Malam, labari ne ke buƙatar hakan. In bos ya yi wauta a kashi na uku, da me za a cika zango takwas da kashi 73 irin na Game of Thrones?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen gane saikofat, wato mutum marar tausayi da nadama, na Robert Hare ne, masanin halayyar ɗan Adam daga Kanada, ana kiransa PCL-R. Abubuwa 20 ake dubawa, kowanne a ba shi 0, 1 ko 2, jimla 40. A Amurka da Kanada daga 30 ake cewa mutum ya shiga sahu. Ba a cika shi da kallon fuska. Sai ƙwararre ya yi doguwar hira da mutumin, ya kuma duba bayanansa na kotu ko gidan yari. A cikin ashirin ɗin akwai daɗin baki, ƙarya ba gaira ba dalili, da rashin nadama, waɗanda fim ke so. Akwai kuma waɗanda fim ke ɓoyewa: saurin gundura, gaggawa, zaman cima-zaune a kan wasu, da rashin tsari mai ɗorewa. Mutumin da ke da waɗannan ba ya iya jiran shekara goma.

Littlefinger ya fi dacewa da halin da aka sa wa sunan Makiyabeli, ɗan siyasar Italiya da ya rasu a 1527: haƙuri, lissafi, da ɗaukar mutane kamar 'ya'yan dara. A 2002 masana halayyar ɗan Adam biyu, Paulhus da Williams, suka haɗa shi da ji da kai da halin saikofat, suka kira su baƙaƙen halaye uku. Halaye ne da ake aunawa a jikin mutanen gari, ba sunan ciwo ba.

In kana son hoton da ya fi kusa, koma tatsuniya. Gizo ga baki kamar zuma, ga ƙarya, ya cinye na Ƙoƙi ya share baki, a kama shi yau gobe ya sake. Mu dai a ganinmu kakanninmu sun fi masu fim lura.

Tambaya, daga Misau: Daenerys ta ƙone birni, aka ce haukan ubanta ta gada. Ana gadon haka?

Amsa: Gado yana ƙara yiwuwar wasu larurori, amma ba ya juya mutum a wuni ɗaya don ya ji ƙarar ƙararrawa, kamar yadda aka nuna ta a shirin. Gajeriyar hanya marubuta suka bi. Illarta kuma tana kan marasa lafiya na gaske, waɗanda mafi yawansu ba sa cutar da kowa, su ake ma cutarwa.

Tambaya, daga wata baiwar Allah a Jekadafari, Gombe: Na ga bidiyo a TikTok kan masu larurar ji da kai, aka kawo Cersei, uwar Joffrey, misali. Wallahi kamar maigidana ake siffantawa. Ba ya karɓar laifi, komai sai ya juya shi kaina. Shi ke nan yana da ita?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Ba za mu ce yana da ita ba, ba kuma za mu ce ba shi da ita ba. Tun 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana mambobinta laƙaba wa wani sananne ciwo ba tare da sun duba shi ba. In an hana likita, ina ga mai bidiyon minti ɗaya? Cersei kuwa an rubuta ta ne mu ga zuciyarta har lokacin da take ita kaɗai. Maigidanki ɓangare ɗaya kike gani.

Ga abin da likita zai tambaya. Yaushe halin ya fara? Larurar ɗabi'a tana bayyana tun samartaka, 'yan'uwansa za su ce haka ya taso. A ina yake yi? In a gida kawai yake zaki, a kasuwa da majalisa kuwa kowa na yabonsa, wannan na nuna yana iya riƙe kansa in ya so. Me halin ya jawo masa: ya rasa aiki, abokai sun gudu, aure ya mutu? Sai kuma a kawar da sauran dalilai. Mutumin da ya haura 40 ya canza cikin wata shida, a fara binciken tiramadol ko kodin, buguwar kai a hatsarin babur, ciwon damuwa, ko wata cuta a ƙwaƙwalwa. Kuskuren da aka fi yi ke nan, a kira sabon ciwo tsohon hali, a bar abin da ke da magani yana ci.

Ko sunayen ma sun fara sauyawa. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ya fara aiki a Janairun 2022, ya ajiye yawancin rabe-raben, ya koma auna tsanani: mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani.

Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru na mako huɗu zuwa shida: rana, abin da ya tayar da maganar, abin da ya ce, abin da ya yi. Kada ki jefe shi da sunan da kika ji a bidiyo, rigima kawai zai ƙara. Ki je sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko da ke kaɗai ce, don ke ma kina ɗauke da nauyi. Babu ƙwayar da ke canza ɗabi'a. Magani yana taimaka wa damuwa ko fargabar da ke tare da ita, ainihin aikin kuwa zaman tattaunawa ne da ƙwararre, na watanni ko shekaru, kuma sai mai halin ya yarda ya zauna. In akwai duka ko barazana, kada ki jira sakamakon asibiti. Ki sanar da waliyyinki a ranar, ki kwashe yara ku koma inda ba zai kai gare ku ba.