Me ya hana sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya tsayar da kisan Ruwanda?

Tambaya: Malam, na karanta cewa akwai sojojin kiyaye zaman lafiya a Ruwanda lokacin da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi kisan ƙare dangi a 1994. Ga bindigogi a hannunsu, me ya sa suka zuba ido?

Amsa: Ɗan'uwa, abu na farko da za ka riƙe shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da soja nata. Aro take yi daga ƙasashe, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Duk ranar da mai kaya ya ce a ba shi abinsa, sai a ba shi.

Rundunar da ke Ruwanda, mai sojoji kimanin 2,500 ƙarƙashin Janar Romeo Dallaire na Kanada, an tura ta ne ta sa ido kan yarjejeniyar sulhu ta Arusha, wadda aka ƙulla tsakanin gwamnatin Ruwanda da 'yan tawayen RPF, waɗanda galibinsu Tutsi ne, ba a ba ta izinin yaƙi ba. Tun 11 ga Janairu 1994 Dallaire ya aika wa hedikwata a New York cewa ana tara makamai don hallaka Tutsi, yana shirin kai samame. Aka hana shi.

Ranar 6 ga Afrilu aka harbo jirgin shugaban Ruwanda, Habyarimana, ya mutu, daga nan kisan ya fara. Washegari aka kashe sojojin Beljiyam 10 da ke cikin rundunar, sai Beljiyam ta kwashe nata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne makarantar koyon sana'a ta Kicukiro a Kigali. Mutum wajen 2,000 suka fake a can don sun ga sojojin Majalisa. Ranar 11 ga Afrilu sojojin suka tafi suka bar su, aka kashe mafi yawansu a ranar.

Maimakon a ƙaro dakaru, ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa 270. Amurka, wadda aka kashe mata sojoji 18 a Mogadishu a Oktoban 1993, ba ta son sake shiga wani rikicin Afirka, har jami'anta suka riƙa kauce wa kiran abin da sunansa, don kada yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 ta hau kansu. Jakadan Najeriya, Ibrahim Gambari, yana cikin waɗanda suka nemi a ƙarfafa rundunar. A ganina babban laifin yana wannan zauren, ba wajen sojan da ke tsaron ƙofa ba.

Kuma ba duka suka zuba ido ba. Sojojin Ghana ƙarƙashin Birgediya Henry Anyidoho sun tsaya, suka tsare dubban mutane. Kyaftin Mbaye Diagne na Senegal ya yi ta ɗauko mutane a motarsa yana ratsa shingayen 'yan Interahamwe, 'yan bangar Hutu masu aikata kisan, har ɓarɓashin bam ya kashe shi ranar 31 ga Mayu.

Cikin kwana 100 an kashe mutum kusan 800,000. Kisan bai tsaya ba sai da 'yan tawayen RPF suka kama Kigali a watan Yuli.