Ga ƙanenmu da ke tambayar yadda zai gane kiransa

Salama gare ka, ƙanena. Ka ce shekara huɗu ke nan da yi maka baftisma, kullum kana addu'a "Ubangiji, ga ni," amma har yau ba ka gane abin da Allah yake so da rayuwarka ba. Ni tela ne a nan Tawa, ba fasto ba, abin da ya same ni kawai zan faɗa maka.

A 2015 na kai mahaifiyarmu asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe tun 1950, can kan hanyar Ƙwanni zuwa Madawa. Lokacin zuciyata cike take da ɗaci. Watan Janairun shekarar aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Baki yana cewa na yafe, ciki yana tafasa. Ina ta rera waƙoƙin miƙa kai ranar Lahadi, amma fushin nan na riƙe abina, ban miƙa shi ba.

Ka san yadda jinya take a wurinmu: likita ya ba da magani, amma abinci da wanki da juya marar lafiya sai dangi. Akwai wani dattijo da aka yi wa aiki a ƙafa, ɗan da ya kawo shi ya koma gida neman kuɗi, shiru. Musulmi ne, carbinsa na ƙarƙashin matashi. Kwana biyu ina wuce shi ina kau da kai. Dare na uku na ji yana kira a hankali, kunya ta hana shi faɗin abin da yake so. Fo yake nema.

Na tsaya. Gaskiya ƙyama ta kama ni, har da tunanin ai ba namu ba ne. Sai Linjilar Yahaya sura 13 ta faɗo mini, inda Yesu ya yi ɗamara da tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai daren nan: Yahuza, almajirin da ya ci amanarsa, na cikinsu, kuma Yesu ya san abin da Yahuza zai yi. Na ɗauki fo ɗin, na zubar, na wanke. Da asuba na cika masa buta, na tallafe shi ya yi alwala. Ya ce, "Ɗana, kai ɗan wane ne?" Na ce, "Baba, ni Kirista ne." Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa mini albarka. Kwana goma sha ɗaya muka yi haka, kunun Inna nake rabawa biyu.

Ban ji wata murya daga sama ba, kuma ban bar ɗinki ba. Amma fushin ya sake ni, addu'ata ta daina zama "nuna mini babban aikina." A ganina da yawanmu mumbari muke hange shi ya sa muke cewa Allah ya yi shiru. Markus 10:45 ya ce Ɗan Mutum, wato Yesu, ya zo ne ya yi hidima, ba a yi masa ba.

Hattara da abu ɗaya, don ni na faɗa ciki. Na taɓa zaƙewa da ziyarar marasa lafiya har uwargida ta ce yaranmu sun fi ganin bayana. Tana da gaskiya, na rage.

Yanzu mu huɗu ne, duk Asabar bayan la'asar muna dama kunu mu kai wa majinyatan da ba su da mai jinya, mu wanke musu tufa. In kana Tawa, zo da bokiti da sabulu, hannu bai ishe mu ba.